Tasar Koblar Gwaggo Ozella

Detroit, 12 ga Yuni, 1978

Yaya Verlene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki Lonzo da Gwaggo Ozella. Yaya ƙafar Gwaggo? Ke kuma yaya bayanki, da tsayuwar nan ta rumfar tantance 'ya'yan itacen fici tun safe har yamma? Ni lafiyata lau, in ban da hawan jinin da likita ya ƙirƙiro min don kawai ya raba ni da gishiri.

To, gyara zama ki ji. Bana zan zo Lahadin Komawa Gida, taron shekara na cocinmu na gida a watan Agusta. Na sani, shekara tara ke nan ina cewa zan zo, kada ki taɓe baki. Bana da gaske ne, kuma ba ni kaɗai ba.

Kwanaki a zumuntar matan cocinmu wata Sista Pettway, 'yar Alabama, ta kawo koblar da ta yi da ficin gwangwani. Na gwangwani fa, Yaya! Mata suna ta zuba mata kirari. Na ɗanɗana, na ajiye cokali. Na ce musu ku dai ba ku taɓa cin kobla ba. Ni yayar ubana a Jojiya, ficin da aka tsinko da safe take ferewa, ta dafa shi da sukari da man shanu, ta shimfiɗa kwaɓin fulawa a ƙasa ya sha ruwan ya yi laushi, ta saƙa wani a sama ya gasu ya yi ja. Na ce a cocinmu na gida dattawa masu furfura har ture juna suke yi a kan kusurwar tasa, inda ɓawon ya ɗan ƙone. Sista Pettway ta ce gani ya kori ji. Na ce to, a je a gani. Maganar da nake miki mun kama hayar bas, mata talatin da Fastonmu.

Na kuma rubuta wa sabon Fastonku, ya amsa da murna. Tunda bana Gwaggo ke cika tamanin da biyar, za a karrama ta. In an tashi sujada aka fito cin abinci a ƙarƙashin itatuwa, tasarta ba za ta zauna can ƙarshen layi cikin tarkacen kayan zaƙi ba. Babban tebur za a ɗora ta, Gwaggo ta zuba wa baƙon Fasto cokali na farko da hannunta, sannan baƙi su bi layi a gaban jama'a duka.

Aikinki kaɗan ne. Ki ware mata fici mai kyau, ki fito da farar tasar nan mai bakin shuɗi, ki tabbata hularta ta coci ba ta lanƙwashe ba. Sauran na gama.

Ƙanwarki,
Marvella

*

Fort Valley, 24 ga Yuni

Marvella,

Mun ga wasiƙarki, mun gode Allah da kina lafiya. Mu ma lafiya. Ƙafar Gwaggo da sauƙi. Lonzo yana nan yana fama da aladunsa. Bayana kuwa kada ma ki tambaya, kakar fici ta kama, ƙaiƙayin gashin jikinsu har cikin barci nake jin sa.

Gwaggo tana zaune kusa da ni a baranda. Kin san halinta, duk abin da na rubuta sai na karanta mata, ita ke lasar ambulan, ita ke miƙa wa mai kawo wasiƙu. Ta ce in gaishe ki. Da na karanta mata taki sai ta ce, “Yarinyar nan har yanzu bakinta ya fi ƙafarta sauri.” Amma ta sa na ciro hular.

Ni dai ga shawarata a matsayin yayarki. Wannan hidima ta yi yawa. Mata talatin a tasa ɗaya, ina za ta isa? Ga zafin Agusta. Ga mutanenki na birni, cikinsu bai saba da abincinmu ba, kada mu ɗauki alhakin kowa. In karramawa ce, a ba Gwaggo furanni, mawaƙa su yi mata waƙa, kowa ya tafa. Tasar kuwa a bar ta inda ta saba zama, can ƙarshen layi, kusa da inda Lonzo ke ajiye motarsa. Wurin yana da inuwa. Mu 'yan gida mun san yadda muke yi da ita, kuma ba ta taɓa komawa gida da saura ba.

Shekara tara ba kwana tara ba ce, Marvella. Abubuwa suna canzawa. Ki sake karanta wannan layin.

Gwaggo ta ce me ya canza. Na ce mata hanyar coci ce aka zuba wa kwalta.

Kada ki ce za ki bugo waya a kan maganar nan. Har yanzu layi ɗaya muke da maƙwabta, kuma Sista Idella ba ta taɓa jin ƙarar wayar wani ta ƙi ɗagawa ba, har numfashinta za ki ji. Ki rubuta wa Fasto kawai ki ce an sake shawara.

Yayarki,
Verlene

*

Detroit, 3 ga Yuli

Yaya Verlene,

Ina gaisuwa. Ki gaida Gwaggo da Lonzo. Jinina da ya sauka, wasiƙarki ta mayar da shi inda yake.

Na sake karanta layin kamar yadda kika ce, har sau uku, kuma na gane sarai. Shekara tara ban zo ba, don haka na zama baƙuwa, ba ni da bakin magana a gidan ubana. Ku ne “'yan gida”. Haba Yaya! In gori za ki yi min ki yi shi a fili, ba sai kin naɗe shi a ganye ba. Kin san aikin ɗakin girkin asibiti ba ya ba mutum hutu a watan Agusta. Bana sai da na yi musayar hutun Kirsimeti ɗungurungum kafin aka sake ni.

Wai cikin mutanen birni. Waɗanne mutanen birni? Matan nan duk a bayan garmar alfadari aka haife su, daga mai Mississippi sai mai Alabama. Wai tasa ba za ta isa ba. Cokali ɗai-ɗai ne, ba biki za su ci ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne inuwar motar Lonzo. Matar da ta yi shekara hamsin tana gasa wa cocin nan kobla, ita ce za a tura tasarta gindin mota kamar kwanon kare?

Bari in faɗi abin da ke raina, tunda ba mu saba ɓoye wa juna ba. Ke ce kika zauna da ita, ke ce wanka, ke ce magani, ban musa ba. Yanzu kina ganin na faɗo daga sama zan kwashe godiyar. To na sa Fasto ya ambaci sunanki a jawabinsa. Hankalinki ya kwanta?

Ba abin da zan soke. An buga sunan Gwaggo a takardar shirin sujada, an biya mai bas. Ni zan riga su zuwa, in iso ran Juma'a, in taya ta fere. Ba sai kin ɗaga ko cokali ba.

Marvella

*

Rumfar fici, 19 ga Yuli

Marvella,

Lafiya muke. Gaisuwar ke nan, don hutun cin abinci nake, a kan kwali nake rubutu, ba Gwaggo a kusa. Lonzo zan ba ya jefa a gidan waya.

Ke dai Allah ya shirye ki. Na yi miki hannunka-mai-sanda, kin kama sandar kin maka min a ka. Wace godiya? Ta ci ƙaniyarta, godiyar! Buɗe kunnenki.

Koblar Gwaggo ba ta ciwuwa. Ko kaɗan. Tun zazzaɓin da ya kwantar da ita shekara bakwai da suka wuce, harshenta da hancinta suka mutu. Kin san ba ta taɓa awo ba, ficin bana ba na bara ba ne, ɗanɗanawa take yi tana ƙarawa. To yanzu in ta ɗanɗana ba ta jin komai, sai ta ƙara. Ta ƙara gishiri, ta ƙara gyaɗar ƙamshi, ta ƙara kirfa har bakin mutum ya mutu. Wata shekarar man shanun ya lalace, ba ta ji wari ba. A ido kuwa ba ki taɓa ganin kyakkyawa irinta ba, hannun yana nan.

Shekarar farko marigayi Baba Cleophus, ƙanin Gwaggo, shi ne ya fara kai cokali. Hawaye ya zubo masa. Ya dube ni, na dube shi, muka janye tasar bayan mota. Tun daga nan haka muke yi. Dangi su bi layi, kowa ya ɗiba a faranti, ya zagaya bayan motar Lonzo inda bokiti yake. A kankare tasa, a wanke, a kai mata, kowa ya je ya ce, “Gwaggo, bana ta fi ta bara.” Bokitin ya tafi wurin aladu. Aladun ma shinshinawa suke yi su ba shi baya, in gaya miki.

Kin san abin kunyar mace a wurin nan shi ne tasarta ta koma gida da saura. Matar nan ba ta haifa ba, mijinta ya daɗe a ƙasa, idonta ya yi rauni, an karɓe mata ajin Lahadi da take koyarwa a coci. Koblar nan kaɗai ta rage mata. Ita ce kike so a ɗora a babban tebur, Sista Pettway ɗinki ta tofar a gaban coci guda?

Tunda kin ce bakin alƙalami ya bushe, ga abin da za a yi. Ƙanwar Lonzo tana da tasa irin ta Gwaggo sak. Ran Asabar zan ce ina aiki, in tafi can in gasa wata. Ba ta kai ta da ba, amma ba za ta kashe kowa ba. Ke ki zauna da Gwaggo ki bar ta ta yi tata yadda ta ga dama, ki yaba, kada ki kai komai baki. Ran Lahadi da safe Lonzo zai ɗauki tasar a rufe, ya yi musaya a hanya. In kin iso gida zai cika da baƙi, ba za mu sami keɓewa ba. Zan tambaye ki ko kin ga wasiƙata, ki ce kin gani, shi ke nan.

Ki ƙona wannan.

Verlene

*

Detroit, 17 ga Agusta

Yaya Verlene,

Mun iso lafiya. Ina fata ƙafar Gwaggo ba ta kumbura da zaman ran Lahadi ba. Lonzo kuwa kada ki gaishe min da shi.

Na buɗe ƙofa na tarar da wasiƙarki ta rumfa a ƙasa. Kin rubuta ta 19 ga Yuli, hatimin gidan waya ya ce 10 ga Agusta. Ki tambayi mijinki inda ta yi zaman jego. Da kika tare ni a bakin ƙofa ran Juma'a kika ce, “Kin ga wasiƙata?” na ce na gani, ta inuwar mota nake nufi. Shi ya sa na ɗaure miki fuska.

Yanzu ki nemi kujera, don abin da zan faɗa ba na tsaye ba ne.

Ran Asabar kina fita muka shiga ɗakin girki. Muka tsoma ficin a tafasasshen ruwa, muka saɓule fatar, muka cire ƙwallayen. Ta ɗora tukunya. Ina kallo ta ɗebi gishiri da tafin hannu ta watsa, ta kankare gyaɗar ƙamshi guda sukutum. Na ce a raina wataƙila sirrin ke nan. Kin san ni da tukunya, sana'ata ce, na kai cokali baki. Yaya, ta taga na tofar. Na ce, “Gwaggo! Wannan guba ce ko kobla? Wa kike shirin kashewa?”

Ta juyo ta dube ni. Na ce yau na sha mari da girmana. Sai ta zauna a kujera ta kama dariya, dariyar ta zama kuka, ta share da gefen riga. Ta ce, “Na gode wa Yesu. Ashe da sauran mai rai a zuri'ar nan.”

Ta sani, Yaya. Tun shekarar farko ta sani. Ta ce, “Ni za a yi wa wayo? Tasar da aka ci, cokula suna karce kusurwarta. Tawa kuwa sai ta dawo fes kamar an yi mata baftisma. Ba yaro ko ɗaya mai ɗigon fici a riga. Kuma Cleophus, tun muna yara bai taɓa cin abin hannuna bai yi ƙorafi ba, yau sukari ya yi kaɗan, gobe ɓawo ya yi tauri. Ranar da ya zo ya ce min bana ta fi ta bara, na san an binne ni da raina.”

Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, “In ce me? In roƙi 'ya'yan ƙannena su gaya min gaskiya? Kowace shekara ina ƙara gishirin da gangan, ko wani zai gaji ya buɗe baki. Har na kai tafin hannu. Verlene kuwa ko za ta mutu sai ta ce ya yi daɗi.”

Muka zubar da tukunyar. Ta ce, “Hannu nawa, harshe naki.” Muka sake fere wani. Ta zuba sukari, ta miƙo cokali, na ce da saura. Ta ƙara, na ce ya isa. Gishiri ɗan tsunkule. Ta matsa lemun tsami, na ce dakata haka. Ta murza kwaɓin da tsohuwar kwalbar nan, ta yanka, ta gasa shimfiɗar farko, ta ƙara fici, ta saƙa ta sama, yatsun nan ko rawa ba sa yi. Zafin tanderu kamar zai narkar da mu, ita ko a jikinta, har waƙar coci take yi. Da ta fito na ɓanɓari ɗan gefe. Yaya, ita ce. Ta da ɗin nan ce, wadda muke lasar faranti. Na tsaya a ɗakin girki ina kuka kamar sakarya.

Ta ce kada in gaya wa kowa, ke musamman. Wai so take ta ga fuskarki in kin ɗiba za ki zagaya bayan mota, ta ce miki, “A'a, a nan za ki ci, a gabana.”

Sauran kin gani da idonki, sai dai ba ki san me kika gani ba. Fasto ya gama jawabi, aka yaye ƙyallen da ya rufe tasar. Ni na ga saƙar ba tamu ba ce, faffaɗa ce, fara-fara. Gwaggo ba ta gani sosai, sai ta shafa bakin tasar da yatsa, ta shafa ɓawon. Ta ɗan tsaya. Sannan ta gyara hula ta ɗauki cokali ta zuba wa mutum talatin da ɗaya koblar da ba tata ba, kowa ta ce masa Allah ya sa albarka. Sista Pettway ta tauna ta ce, “Ba laifi.” Ba laifi! Har muka iso Detroit ba ta daina ce min ba laifi ba.

Da na ja ki gefe na ce ina tasarmu, kika kashe min ido kika ce, “Na gama da ita,” na ɗauka tsabar mugunta ce. Shi ya sa na hau bas ban yi miki sallama ba. Yanzu na san ba mugunta ba ce, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba. Garin gyaran gira kin tsone ido, Yaya.

Ina tamu take? Ki gaya min dai wani ɗan Adam ya ci.

Marvella

*

Fort Valley, 30 ga Agusta

Marvella,

Muna lafiya. Ƙafar ba ta kumbura ba. Lonzo yana raye, wannan ma alheri ne daga gare ni. Wasiƙar tana aljihun rigarsa ta ruwa, wai ba a yi ruwa ba shi ya sa bai tuna ba.

Kin tambaya, to ga amsa. Aladu ne suka ci. Ya juye musu tun kafin a buga ƙararrawar coci. Da yamma yana cire takalmi yake ce min, “Abin mamaki, bana aladun har faɗa suka yi a kanta, babbar ta ciji ƙaramar.” Na ce yunwa ce. Sai da taki ta zo na gane. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ban bi shawararki ta kujera ba, sai ga ni zaune a ciyawa.

Kada ki ɗauka ban yi fushi ba. Na yi, da ke da ita. Shekara bakwai ina kankare tasa a bayan mota cikin rigar coci, ina tsare yara kada su yi suɓul da baka, ina yi wa Ubangiji ƙarya a harabar gidansa. Ke kin zo kwana biyu kin yi tofi ta taga kin zama 'yar albarka. Ita kuma tsohuwar tana kallona tana ƙara gishiri! Wannan wace irin zuri'a ce Allah ya jefa ni?

Abin da ya fi damuna, tun ran Lahadin ba ta ce min uffan a kan maganar ba. Na gode, sannu, sai da safe, kamar baƙuwa a masauki. Farar tasarta kuwa ta sa Lonzo ya kai wa kaji, ta zama kwanon ruwansu. Kullum na fito sai na gan ta.

Na shiga na same ta a kujerar lilo da wasiƙarki a hannuna. Ta ce karanta min. Na karanta duka, ban tsallake ko layi ba. Na ce, “Gwaggo, don kada ki ji kunya na yi.” Ta ce, “Na sani. Kunyar ai tawa ce, da kin bar min abata.” Na ce bari mu sake wata. Ta ce, “Da me? An rufe rumfa, fici ya ƙare. Baɗi kuma, ke kika san inda zan kasance?”

Washegari na tasa Lonzo a gaba, muka nufi arewa can wajen duwatsu inda nasu ke nuna a makare. Rabin yini muna tafiya, mota tana tafasa, shi yana mita. Muka samo kwando ɗaya a bakin hanya, ƙanana, wasu da tabo. Na ƙwace tasar daga wurin kaji na dirje ta da toka.

Ta shinshina ficin don sabo, ta ce fere. Ta ɗora tukunya, ta zuba sukari, ta miƙo min cokali. Marvella, bakina da kansa ya ce, “Ya yi daɗi.” Ta ƙwala min cokalin katako a bayan hannu, har yanzu da shaida. Ta ce, “Sake.” Na sake. Tsami har kunne. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita, na rantse miki ya fi min sauƙi in ɗauki kwali hamsin. Tana tsaye tana jira, hannunta yana cikin sukari. Na ce, “Gwaggo, bai yi ba. Tsami ya yi yawa.” Ta ce, “Sannu da zuwa.”

Haka muka yi ta yi. Da saura. Da saura. Ya isa. Na ce kirfa ta yi kaɗan, ta ce ƙarya nake, na ce to ɗanɗana da kanki mana, ta zage ni, ta ƙara. Rabon da mu yi faɗa da ita na manta, ashe kewarsa nake yi.

Mu uku muka ci a baranda, ba Fasto, ba jawabi. Ita ta ɗan taɓa, ba ta jin komai, fuskokinmu take lalube da ido. Lonzo ya kwashe kusurwa biyu, ya karce tasar har tana ƙara. Ya lashe cokali, ya jingina, sai ya ce, “Gwaggo, ba don kada in yi magana ba, ɓawon ya ɗan yi tauri.”

Na ɗaga ƙafa zan taka shi. Ta riga ni. Ta ce, “Kan ubanka ne ya yi tauri, mai kiwon aladu! Ajiye min farantina.” Tana faɗa tana dariya, hawaye yana bin kuncinta. Har ta shiga ɗaki tana zaginsa, kuma na ji ta ta bango tana maimaita wa kanta, “Wai tauri.”

Ta ce in gaya miki ki zo baɗi tun ran Laraba, ki taho da Sista Pettway. In tana nan, to. In ba ta nan, harshena ya fara hankali, naki kuma dama ba shi da kunya, mu haɗa mu yi.

Wannan ban karanta mata ba, ta ce ba sai na karanta ba. Ni zan kai ta gidan waya da ƙafata.

Yayarki,
Verlene